Mutumin da Ya Koya wa Kaji Shan Ƙwai

An yi wani mutum da abokansa suka raɗa wa suna Dunƙule. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, ba a taɓa jin ya ɗura wa wani ashar ba. Da za ku haɗu da shi a hanya, ku za ku riga shi yin sallama, saboda fara'arsa da gugar rigarsa. Na fara da wannan ne, ya 'yan uwa, don kada wani ya gyara zama ya ce ba da shi ake ba. Da mu ake, ni da ku.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk abin da aka ce ya yi yau, amsarsa ɗaya ce: "A bar shi ya taru, a dunƙule zan yi." Wankinsa a dunƙule ne. Zumuncinsa a dunƙule ne, sai ya shafe watanni bai leƙa kowa ba, rana ɗaya ya zaga dangi kaf, ko ruwa ba ya tsayawa ya sha. Har salla, jama'a, har salla! Azahar ta jira La'asar, La'asar ta jira Magariba, sannan ya shimfiɗa darduma ya yi ta dangwala goshi kamar ana korarsa, ya sallame ya ce ya sauke nauyi. Shin wanda ya yanka wa kowace salla lokacinta, shawararka yake jira?

Amma in zancen arziki ake, ku matsa ku ba shi wuri. Aikinsa kula da sito ne a wani kantin kayan gini, ya karɓi siminti ya fitar da kwano. Da yamma sai ya zauna a bencin mai shayi ya harɗe ƙafa, ya ce shi ba zai mutu yana yi wa wani bauta ba. Ya san yadda ake zama attajiri, ya ji a waya, ya haddace. Kowane wata da sabon tsarinsa. Wannan watan zai dinga tashi da asuba yana gudu, har takalmi ya saya. Wancan watan zai dinga ajiye wani abu kullum, har asusu ya sa kafinta ya buga masa. Takalmin yana ƙarƙashin gado, asusun kuwa matarsa ce ke zuba maɓallai da allura a ciki. Himmarsa wutar kara ce, kafin ka ɗora tukunya ta zama toka.

Cutarsa guda ce, ya raina ƙaramin abu. "Kaɗan-kaɗan aikin masu ƙaramar zuciya ne," in ji shi. "Ni sau ɗaya zan buga, in huta."

Yana da yaya mace. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa har ya yi gemu Auta take ce masa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Shekara da shekaru tana aikin goge-goge a wani dogon bene mai ofisoshi. Kafin ma'aikata su iso ta share, ta goge matakala daga sama har ƙasa da tsumma da bokiti. Sabulu ya cinye mata tafin hannu, gwiwoyinta suka yi kanta. Masu takalma masu sheƙi suna wuce ta, ba sannu balle na gode.

Burinta ɗaya a duniya, ta ajiye tsumman nan kafin ƙarfinta ya ƙare. Sai ta sayo 'yan tsaki da ko kwali ba su cika ba, ta ajiye su a lungun ɗakinta. Kafin ta fita ta ba su ruwa da abinci, in ta dawo ta duba su tun ba ta cire mayafi ba. Ba ta taɓa tsallake rana ba, ko da zazzaɓi, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwali ya zama akurki, akurki ya zama rumfa, rumfa ta zama ɗakin kaji na bulo a bayan gidanta, da ragar waya a tagogi, da garin katako shimfiɗe a ƙasa. Ba wani asiri ta yi ba, ya 'yan uwa. Yau da gobe ce kawai.

Ranar da ta mayar wa masu benen bokitinsu, ta dawo gida ta yi sujada, ta ce da 'yarta, "Na ajiye tsumma, in Allah ya yarda ni da shi har abada." Daga nan ta sayar da tsoffin kajin, ta tattara duk abin da ta mallaka, ta zuba sabbi masu ƙwai, ɗaki guda cike. Ta yi watanni tana ɗawainiya da su, suna ci ba sa ba da komai, kamar yadda masu kiwo suka sani. Sun fara sakin ƙwai ke nan, wata safiya santsi ya kwashe ta tana ɗauke da buhun abincinsu, ƙashin cinyarta ya karye.

Aka kwantar da ita a asibiti, aka rataye ƙafar, likita ya ce zaman watanni ne. 'Yarta ce ke jinya, ba ta da halin motsawa ko nan da can. To wa za a ba amanar kaji? Yaya ta duba hagu ta duba dama, ba ta ga wanda ya fi wanda ta goya ba. Ta sa aka kira shi, ta zaro makulli daga ƙarƙashin filo.

"Auta, ba aiki ne mai yawa ba, amma na kullum ne," in ji ta. "Ka biya da safe kafin ka wuce kanti, ka biya da yamma in ka taso. Ka wanke mazuban ruwa ka zuba sabo. Abinci ka auna, kar ka cika musu. Inda garin katako ya jiƙe ka kwashe. Ƙwai kuwa, don girman Allah, kar ka bar shi a ƙasa. Da ka gani ka ɗauke."

"Haba Yaya, wannan har aiki ne? Ki kwantar da hankalinki. Kafin ki fito ba za ki gane wurin ba."

Ta kama hannunsa ta ce, "Ni ba na so ya canja, so nake in same shi yadda na bar shi. In Allah ya tashi kafaɗata, akwai fili a gefe, zan gina wani ɗakin in zuba maka naka. Ka daɗe kana son tsayawa da ƙafarka."

Kun ji fa. 'Yancin da yake ta kururuwa a bencin mai shayi, ga shi an ɗora masa a tafin hannu. Abin da ake nema a wurinsa safe da yamma ne kawai. Ya karɓi makulli, ya karɓi alkawari, kuma kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Me ya fara yi? A cikin makon nan ya ajiye aikin kanti. Matarsa, da goyo a bayanta, ta ce, "Maigida, da ka bari Yaya ta fito tukuna. Cewa ta yi kafin ka wuce aiki, ba ta ce ka bar aiki ba." Ya ce, "Ke ba ki san harka ba. Mai gona ne zai tsaya ana aikensa ɗauko ƙusa?" Ya hango hadari, ya zubar da ruwan randarsa.

Kwanakin farko, gaskiya a faɗe ta, ya yi abin a yaba. Kafin rana ta fito yana wurin. Ya wanke, ya share har inda ba a ce ya share ba, ya jera ƙwai a kiret ya ɗauki hoto ya tura wa abokai. Sai abin ya fara gundurarsa. Jiya wanke mazubi, yau wanke mazubi, gobe ma wanke mazubi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin da soso a hannu, kaji na tsattsagar igiyar takalminsa, ya ce a ransa, Yaya rashin tsari ne ke wahalar da ita. Mutum mai kai irin nasa ai ba haka zai yi ba.

Sai ya sayo duro na roba, ya sa aka tsaga shi biyu, ya girke a tsakiyar ɗakin, ya cika shi da ruwa taf. Ga ruwan mako guda. Ya farke buhun abinci ya cika mazubai har yana zuba a ƙasa. Ga abincin mako guda. Saura ƙwai. Ya ce to, mai shagon da ke saye ai sai ƙarshen mako yake zuwa. Mene ne amfanin in dinga sunkuyo kullum ina tsinta ɗai-ɗai? A bar shi ya taru. Ya ja ƙofa ya kulle, ya tafi yana jin ya ƙirƙiro abin da masu kiwo ba su taɓa tunani ba.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyar Yaya, mai saƙa huluna a ƙofar gidanta. Ta lura ya rage zuwa, ta tare shi ta ce, "Ɗan nan, in abubuwa sun yi maka yawa, bar mini makulli in dinga leƙawa ina ɗauke ƙwan. Ni ba inda nake zuwa." Ya yi dariya ya ce, "Baba, kar ki damu, yanzu zamani ya ci gaba." Ta koma kan saƙarta.

Ku saurara ku ji abin da ke faruwa a bayan ƙofar da ya kulle. Ƙwai ya taru a lunguna, wani a kan wani. Kaza ta hau za ta saki nata, ta taka na ƙasa ya fashe. Ta sunkuya ta ɗanɗana, ta ji daɗi. Ta kusa da ita ta gani, ita ma ta kai baki. Kaza ba a haife ta da shan ƙwai ba, ya 'yan uwa, koya take yi. Yau ta sha wanda ya fashe da kansa, gobe ta sha wanda ya fashe da kansa, jibi ba za ta jira ya fashe ba, ita za ta fasa. Abin da Dunƙule ya kasa yi wa kansa, wato ya maimaita abu kullum har ya zama ɗabi'a, shi ya yi wa kajin yayarsa. Sai dai mugun darasi ya koya musu.

Ranar da mai shago ya zo da kiret-kiret ɗinsa, abin da aka tsinto ko rabin na da bai kai ba. Mako na gaba ya ƙara raguwa. Kajin har ɓawon suke cinyewa, ba sa barin shaida. Dunƙule ya zargi ɓeraye, ya zargi maciji. Ya zargi kowa da komai, ban da mutumin da ke cikin rigarsa. Daga ƙarshe ya tuna wadda ta taɓa neman makulli. Ya tsaya a tsakiyar layi ya ɗaga murya don ta ji, ya ce wasu tsofaffin ba sa tsoron Allah, sun ga mai gida na kwance sun sami na banza.

Tsohuwar nan ta ajiye saƙarta ta ce, "Ni ka ce wa ɓarauniya? Allah ya isa tsakanina da kai, ɗan nan." Ta shige gida tana share ido da bakin zane.

Wallahi duk sanda na zo nan a labarin, raina ɓaci yake. Ka ci amana bai ishe ka ba, sai ka ɗauki laifinka ka ɗora wa tsohuwar da ta miƙo maka hannu? Ya je ya sayo ƙaton kwado ya ƙara a ƙofar. Daga ranar ba mai iya shiga ɗakin nan ko da zai ji kajin na kuka.

Allah bai bar shi cikin duhu ba, ya nuna masa da idonsa. Wata rana yana tsaye a ciki, wata kaza ta saki ƙwai a gabansa. Kafin ya sunkuya, 'yan uwanta sun yi mata caa, suka fasa shi suka shanye, bakunansu duk gwaiduwa. Ya duba sauran, ya ga busasshiyar gwaiduwa a baki da ƙirjin da yawa daga cikinsu. Ya gane ɓarawon, ya gane kuma wanda ya buɗe masa ƙofa.

Nan ne mahadar hanya. Da ya tafi ya durƙusa ya ba tsohuwa haƙuri, da ya je asibiti ya ce, "Yaya, na yi kuskure, me zan yi?" da an tari abin tun da sauran dama. Amma girman kai ya ce masa, bari ka gyara tukuna, in ya so ka faɗa mata komai lokaci guda.

Ya je asibitin dai, bayan ya daɗe bai je ba. Ya same ta ta rame, ƙafa a rataye. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba ta ce, "Auta, yaya mutanena? Suna yi kuwa?"

Ya ce, "Kamar ruwan sama, Yaya."

Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta juya wajen matar da ke gadon kusa da ita ta ce, "Kin gan shi nan, ni na goye shi. Mutane na cewa ba ya riƙe abu, ni na san ƙanena." Ya zauna yana murmushi, ya sha lemon da aka kawo wa marar lafiya. Ina kunya, jama'a? Ina tsoron Allah?

Ana cikin haka ruwan duro ya fara nasa aikin. Kaji suna hawa baki suna kashi a ciki, abinci na faɗawa yana ruɓewa, ruwan ya koma kore yana yauƙi. Suna fantsama shi, garin katako ya jiƙe ya cure kamar laka. Ɗakin da Yaya ta bari a bushe ya ɗauki wani wari mai yaji, da ka shiga sai hawaye. Kaji suka fara sakin fiffike suna gyangyaɗi a tsaye, wasu na kashi da jini. Ya zo ya tarar da 'yan ƙalilan sun mutu, sai a sannan ya nemo likitan dabbobi.

Likitan ya shiga ya fito yana toshe hanci. Bai ɓata baki wajen faɗa ba, ya ce, "Malam, abin ya yi nisa, amma bai fi ƙarfin gyara ba. Ka fitar da duron nan yau. Ka kwashe jiƙaƙƙen garin ka zuba busasshe. Ga magani, ƙaramin cokali a cikin sabon ruwa kowace safiya, har mako ya zagayo. Kar ka ƙara, kar ka tsallake. Masu shan ƙwai kuma ka ware waɗanda suka fi ƙwarewa, ka dinga riga sauran ɗaukewa. In ka dage, za ka tsira da mafi yawansu."

Kun ga rahamar Ubangiji? An sake buɗe masa ƙofa. Mako ɗaya tak ake nema a wurinsa, ya tashi da safe kamar sauran bayin Allah.

Ya tsaya da ƙunshin magani a hannu yana juya shi. Sai tsohuwar cutar ta motsa. Ya ce a ransa, maganin nan dai duk cikinsu zai shiga, ko yau ko gobe. Mene ne bambancin cokali-cokali da gaba ɗaya? Ai ma in ya yi ƙarfi zai fi saurin aiki. Garin katako kuwa a bari sai an samo mota guda a canja duka. Ya farke ƙunshin ya juye shi kaf a cikin ruɓaɓɓen ruwan duro, ya motsa da itace, ya sa kwado ya kulle.

Kun san inda ya tafi? Ya bi wani dillalin filaye bayan gari, wai zai duba inda zai gina gonarsa ta kaji dubbai. Mutumin da ya kasa wanke mazubi, shi ne yake auna fili da taku, yana nuna inda motoci za su dinga juyawa. Ya kwana biyu yana wannan mafarki, ana zafi kamar a gasa mutum.

Da ya dawo, tun daga bakin layi wari ya tare shi. Maƙwabta sun taru a bayan gidan sun toshe hanci da mayafai, sun rasa yadda za su yi da kwadonsa. Ya buɗe. Waɗanda suka sha ruwan magani ya kashe su, waɗanda suka ƙi sha saboda ɗaci ƙishirwa ta kashe su. Suna kwance wata kan wata, ƙudaje sun rufe su. A can lungu 'yan tsiraru ne suka rage, suna layi kamar mashaya. Tsohuwar nan tana tsaye a cikin mutane, tana yi wa maƙwabciyarta kuka.

Ya yini yana jidar gawa a baro yana kaiwa rami. Waɗanda suka rage ba su ƙara moruwa ba, in sun saki ƙwai su shanye. Aka rabar da su a wulaƙance ga mai tsayawa ya karɓa.

'Yar Yaya ta ji labari, ta ɓoye wa uwarta har aka sallame su. Ranar da suka dawo, Yaya ba ta shiga ɗakinta ba. Ta dogara sanda tana jan ƙafa ta zagaya bayan gida, don ta yi kewar kukan kajinta. Ta tarar da ƙofa a buɗe, ɗaki fayau, sai tsagin duro a tsakiya. Dunƙule na bayanta ya fara jero bayani, wai annoba ce ta shigo gari, wai maganin jabu ne. Ba ta juyo ba ta ce, "Da ka gaya mini ba za ka iya ba, Auta, ai da na roƙi maƙwabta." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ni da marinsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Daga nan duniya ta juya masa baya. Ya koma kantin kayan gini, ya tarar an ba wani kujerarsa. Labari ya riga shi zuwa duk inda ya nufa, ba mai ba shi ajiyar ko da tsintsiya. Matarsa ta yi haƙuri har haƙuri ya ƙare, ranar da aka wayi gari ba abin da za a ɗora a wuta ta goya ɗanta ta tafi gidan iyayenta. Ya sayar da gado, ya sayar da wayar da yake jin sirrin arziki a cikinta. Bencin mai shayi ma aka daina matsa masa. Abokan da ke kiransa Dunƙule da dariya suka koma faɗar sunan a bayan idonsa, suna tsorata 'ya'yansu da shi.

Za ku ce ya yi hankali. Ina! Hali zanen dutse. Bayan wasu watanni sabon tsari ya faɗo masa, wai kiwon kifi, sau ɗaya za a zuba a kwashe a huta. Jari kawai ya rasa. Ya zauna ya laluba duk duniya, bai ga wanda zai saurare shi ba sai wadda ta goye shi. Ku dubi ƙarfin hali! Ya je gidanta da rana bai same ta ba. 'Yarta ta tsaya a bakin ƙofa, ko shigo ba ta ce masa ba, ta ce, "Kawu, in ita kake nema, sai ka je benen nan da sassafe. Ta koma aiki."

Ya sammaka ya tafi, yana ta shirya kalmomin da zai tsara ta da su. Mai gadi ya nuna masa matakala. Ya hau hawa ɗaya, ya hau na biyu, sai ya ji ƙarar bokiti ana jan sa. Ya ɗaga kai.

Yaya ce zaune a kan matakala, don ƙafar ba ta yarda ta durƙusa kuma. Ta miƙe ƙafar gefe guda kamar itace, sandarta jingine da bango. Sai ta goge inda hannunta ya kai, ta matse tsumma, ta dafa ta zamo da mazauninta zuwa ta ƙasa, ta jawo bokiti. Haka za ta sauko benen nan tun daga sama, yau da gobe da jibi, har ranar da Allah zai karɓi abinsa. Gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta duk ya yi fari.

Ta gan shi. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Auta? Ashe kana iya fitowa da sassafe."

Duk kalmomin da ya shirya suka gudu. Ta mayar da tsumma cikin ruwa ta ce, "Matsa gefe, ma'aikata sun kusa zuwa." Ya juya ya sauko yana dafa bango. Tun daga ranar bai ƙara iya haɗa ido da ita ba, kuma har yau yana nan yana gararamba, ba gida, ba sana'a, ba mai yarda da shi.

Ya 'yan uwa, ku duba da kyau. Mutumin nan bai saci ƙwai ko guda ba. Bai sa wa ɗakin wuta ba. Abin da ya yi kawai, ya ce gobe. Mu muna zaton zunubi sai wanda hannu ya aikata, mun manta akwai wanda hannu ya ƙi aikatawa. Da kasala kaɗai ya rushe gumin shekarun baiwar Allah, ya mayar da gurguwa kan matakala. Me zai ce ranar da za a tsayar da shi a tambaye shi amana?

Kada ku tsaya tsine masa, kowa ya duba nasa ɗakin da ya kulle. Kai mai shago da ba ka buɗewa sai ka ga dama, sannan ka ce kasuwa ta mutu. Kai ɗalibi mai jiran daren jarrabawa. Kai uban da ba ya zama da 'ya'yansa, yana jira su lalace ya yi musu dukan shekara a rana ɗaya. Kai mai cewa za ka fara ajiya in babban kuɗi ya zo, alhali ƙaramin da ke zuwa kullum ba ka san inda yake shiga ba. Kuna zaton in kun bar rana ta wuce a banza, a banza take wucewa? Wani abu yana koyon wani abu a bayan idonku. Zuciyarka na koyo, 'ya'yanka na koyo, jikinka na koyo.

Malamanmu sun karantar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Haka abin yake a ibada, haka yake a neman halal. Da yayyafi kogi kan cika. Ba na ce ka fita daga nan ka ɗauki alwashi goma ba, na san ka, kafin mako ya ƙare ka zubar. Ɗauki guda ɗaya, ƙarami, wanda kake jin kunyar faɗa don ƙanƙantarsa. Ka yi shi gobe da safe. Ka yi shi jibi, ranar da ba ka jin yi, ranar da ba mai kallonka. In kuwa an ba ka amana ka ga ba za ka iya ba, ka buɗe baki ka faɗa tun da wuri, wannan ba abin kunya ba ne.

Allah ya kiyaye mu da kasala da raina ƙaramin alheri. Allah ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu daga sakacinmu. Ya ba wannan baiwa tasa sauƙi, ya musanya mata da abin da ya fi wanda ta rasa. Mu kuma ya ba mu ikon tashi gobe mu yi abin da ke kanmu, tun ana karɓa. Amin.